Ƙuma Na Cikin Ƙasa, Mu Muna Zuba Wa Kare Guba

Wannan bayani naku ne, jama'a masu sauraro, musamman na Mandera da Kajiji da Dandin Mahe a ƙaramar hukumar Shagari, da na Sifawa da cikin garin Boɗinga.  Sharhinmu na yau a kan wani ɗan ƙwaro ne da bai fi ƙwayar riɗi girma ba, amma yana hana gida guda barci, wato ƙuma. Duk mai kare, na gadi ne ko na kiwo ko na farauta, ya san yadda abin yake. Da zarar ruwa ya sauka sau biyu uku, sai kare ya kama susa ba dare ba rana, yana cizon gindin wutsiyarsa, gashin bayansa na zubewa, kafin a ankara yara sun tashi da ƙuraje a idon sawu. Abin da aka saba yi kuwa sananne ne. A kama kare a ɗaure, a kwarara masa fiya-fiya ko kalanzir ko baƙin mai, ƙuma ta zube, a ce an gama da ita. Bayan mako biyu ta dawo, har ta fi da yawa. Abin da nake so mu duba yau shi ne, wannan hanya tana cinye mana kuɗi da lafiya a banza, domin muna kai hari ne inda rundunar ba ta nan. Mafi yawan ƙumar gida a cikin ƙasa take, a makwancin kare da akurki da turke, kuma can ne ya kamata a same ta.

Hujjata ta farko ita ce yadda ƙuma ke rayuwa. Wadda kuke gani tana gudu cikin gashin kare baliga ce, kuma in ta samu jiki mai jini ba ta cika barinsa ba sai mutuwa. Macen takan fara ƙwai cikin kwana ɗaya ko biyu da shan jinin farko, kuma in ta samu wuri takan saka ƙwai 40 zuwa 50 a rana. Ƙwan ba ya manne wa gashi yadda na ƙwarƙwata ke yi. Santsi gare shi, zubowa yake yi. Saboda haka kare mai ƙuma tamkar hujajjen buhun gero ne a bayan jaki, duk inda ya bi ya bar iri, inda ya fi daɗewa a kwance kuma nan ne ya fi zubarwa. Cikin 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe, wata 'yar farar tsutsa ta fito, marar ido, mai gudun haske. Takan shige cikin ƙura da tsagar daɓe da ƙarƙashin tabarma, tana cin kashin manyan ƙuma da ke zubowa daga jikin karen, wanda busasshen jini ne kawai. Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai ta saƙa wa kanta kwanso, ƙasa ta manne masa, ido ba ya rabe shi da yashi, feshin magani ma ba ya cika ratsa shi. A ciki take rikiɗa ta zama ƙuma, ta kwanta tana jira. Motsin sawu da ɗumin jiki da numfashi su ke tayar da ita. In ba ta ji su ba, takan yi makonni, wani lokaci watanni, tana nan. Shi ya sa mutum zai buɗe ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba, ya taka ciki, ya ga ƙafarsa ta yi baƙi. Masana kan kimanta cewa a gidan da ƙuma ta kama, manyan da ke jikin dabba ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba; sauran kashi 95 ƙwai ne da tsutsa da masu kwanso, duk a ƙasa. To wanda ya yi wa kare wankan guba ya bar makwancinsa yadda yake, biyar ya kashe, ya bar casa'in da biyar suna layi.

Ga kuma wani abu da Allah ya ba mu a ƙasar Sakkwato, wanda mutanen Legas da Fatakwal ba su da shi. Tsutsar ƙuma raguwa ce. Ba ta jure bushewa: in laimar iska ta yi ƙasa da kashi 50 cikin 100, bushewa take yi ta mutu. Ba ta kuma jure zafin da ya haura ma'auni 35 in ya daɗe. Mu kuwa a watan Afrilu zafinmu kan wuce 40, kuma da hunturu iska kan bushe har leɓe ya tsage. Ma'ana, a tsakar gida da rana ke duka, ƙuma ba ta da zuriya. Inda take laɓewa ta tsallake rani sanannu ne kuma kaɗan ne: ƙarƙashin rumbu, gindin randa inda ƙasa ba ta rabuwa da danshi, bayan makewayi, cikin akurkin kaji, turken awaki da taki ya yi kauri, ramin da karya ta tona ta haihu, da tarin tsummoki a lungun ɗaki. Daga waɗannan 'yan wurare take bazuwa idan damina ta kama daga Yuni zuwa Satumba. Mai hankali ba zai jira Agusta ba, lokacin da ko'ina ya jiƙe. Da bazara ake cin wannan yaƙi, lokacin da abokiyar gaba ta taru a wuri ƙalilan kuma rana na tare da mu. A share makwancin kare ƙal, a kankare ƙasar saman, a kai sharar bayan gari a ƙona, kada a tara ta a bakin ƙofa. Buhu ko tsumman da yake kwanciya a kai, a zuba masa tafasasshen ruwa a shanya a rana, in ya tsufa a ƙona shi. A kwashe takin turke da na akurki a kai gona, dama can ne amfaninsa. A fitar da tabarmi da barguna su sha rana, a liƙe tsagar daɓe da gindin bango. Duk wannan ba ya cin sisin kwabo, tsintsiya ce da juriya.

Na san akwai mai cewa, malam, duk wannan dogon bayani a kan kare? Kare ne fa. To amsa biyu gare ni. Ta farko, malamanmu na mazhabar Malikiyya sun halatta riƙon kare don kiwo da tsaron gona da farauta, kuma duk dabbar da mutum ya ɗaure a gidansa, haƙƙinta yana wuyansa. Labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, yaro ma ya ji shi a makarantar allo. Ta biyu, wadda ta fi taɓa aljihu, ita ce ƙuma ba ta san kare kaɗai ba. Irin da aka fi samu a jikin karnuka ita ce dai ke hawa kyanwa, ita ke hawa 'yan awaki da 'yan tumaki, ita ke cizon mutum. Macen takan sha jinin da ya ninka nauyinta sau 15 a rana. Ga babban kare wannan ƙaiƙayi ne kawai, amma ga kwikwiyo ko ɗan akuya mai mako uku, ɗaruruwan ƙuma kan zuƙe shi har dasashinsa ya yi fari, ya kwanta ya mutu, mai shi yana cewa iska ce. Jar akuyar Sakkwato da muke alfahari da ita, wadda fatarta ta yi suna har Turai, 'ya'yanta ne ke biyan wannan bashi. A akurki kuma akwai wata iri da ke kafewa a gefen idon kaza da tukkunta, ba ta motsi, kuma takan kama gefen kunnen kare. Sai kuma yara. Akwai tsutsar ciki mai faɗi da ke bi ta jikin ƙuma; kare kan kamu da ita in ya haɗiye ƙuma garin cizon jikinsa, kuma yaro mai rarrafe da ke kai komai baki, shi ma kan kamu ta wannan hanya.

Ba na son in tsorata kowa da abin da ba ya gabanmu, amma tarihi na da darasi a nan. A 1898 wani likitan Faransa, Paul-Louis Simond, ya nuna a Karachi cewa ƙumar ɓera ce ke ɗaukar annobar ɗa'un daga ɓera zuwa ɓera. Wannan annoba ta shiga Legas a 1924, ta yi shekaru tana ɓarna, kuma a 2017 ta kashe mutum sama da 200 a Madagaska. Ƙumar kare ba ita ce mai wannan aiki ba, amma ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suka koya daga nan ta shafi kowane gida mai rumbu: a fara da ƙuma kafin a kashe ɓera. Ɓera na mutuwa, jikinsa ya yi sanyi, ƙumarsa sai ta sauka neman wani jini, kuma na kusa shi ne naka. Wanda zai sa maganin ɓera, ya share ya gyara tukuna, mushen kuma kada a ɗauka da hannu, kada a bari kare ko kyanwa su ci.

Yanzu ga hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu fiya-fiya. Za su ce tana da araha, ana samunta a kowace kasuwa, kuma da idonmu muke ganin ƙuma na zubewa. Gaskiya ne tana zubewa, ban musa ba. Amma a tambayi abin da ke cikin kwalbar. Mafi yawa sinadarin dichlorvos ne, irin wanda ke cikin maganin ƙwarin nan Sniper, an gauraya shi ba awo ba takarda. An yi shi ne don ƙwarin gona da rumbu, kuma yadda yake shanye jijiyar ƙwaro haka yake yi wa ta kare da ta mutum, domin yana ratsa fata, ana kuma shaƙarsa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shaguna saboda yawan rayukan da ya ci. Karen da aka zuba wa, lasar jikinsa zai yi. Daga nan sai dalalar miyau, amai, zawo, rawar jiki, numfashi da kyar. Wanda ya ga haka, ya wanke shi nan take da sabulu da ruwa mai yawa, hannunsa cikin leda, ya garzaya wurin likitan dabbobi, domin akwai allurar da ke karya dafin in an yi sauri. Kuma karen nan a gida yake kwana, yara ke shafa shi. Baƙin mai da kalanzir su ma ba su da wani alheri: suna ƙona fata, in an lasa su ɓata ciki, a jiki mai gashi kuma suna daɗewa ba su fita ba. Gamalin kuwa da wasu ke ɓoye da shi har yau, tun 2009 ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin magungunan da za a daina. Abin takaicin ma, bayan duk wannan kasada, kwana biyu ƙarfin gubar ya tafi, na cikin kwanso su fito su hau. Arahar da za a maimaita sau goma a damina ɗaya ba araha ba ce.

Sai maganar kare mai gashi da yawa. Karenmu na gargajiya, irin na mafarauta da makiyaya, gashinsa gajere ne, ko da ido ka ga ƙumarsa. Amma yanzu ana shigo da karnukan Turai don gadi, irin su makiyayin Jamus da na Kokeshiya da ƙananan nan masu gashi buzu-buzu, daga birnin Sakkwato har sun fara isowa manyan gidajen ƙauyuka. Gashinsu hawa biyu ne, na sama dogo, na ƙasa mai laushi a cunkushe, an halicce su ne don ƙasar sanyi. A cikin irin wannan gashi ƙuma kan yi wata guda ba a gan ta ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A tsayar da kare a kan farin ƙyalle, a tsefe gindin wutsiya da mara da wuya da matsefi mai ƙananan haƙora, baƙin garin da ya zubo a ɗiga masa ruwa. In ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, ko ba a ga ko ɗaya ba. Wannan gwaji yana da amfani, domin mutane kan rikita zubar gashin ƙuma da ƙazuwa, alhali maganinsu daban. Allurar ivermectin da ake yi wa dabbobi kan kowane ƙaiƙayi tana maganin ƙazuwa, amma a kan ƙuma ba ta taɓuka abin kirki. Kafin a sa kowane magani, sai an warware gashin, a yanke inda ya dunƙule, a tsefe mataccen na ƙasa. Ban ce a yi masa ƙwal-kwabo ba, ranarmu za ta ƙona fatar. In za a yi wanka, sabulu ma kaɗai kan kashe manyan da ke jiki. A fara da kumfa a wuya don kada su gudu kai da kunne, a cuɗa har fata, a bari 'yan mintoci, a ɗauraye, sannan a tabbata ya bushe har ciki, domin danshin da ya maƙale a gashi mai kauri gyambo yake haifarwa. Sai dai wanka na ranar ne kawai, ba ya hana na gobe hawa.

Abin da ke hana na gobe shi ne maganin da aka yi don kare, mai daɗewa a jiki. Akwai na ɗigawa a ƙeya, mai sinadarin fipronil ko imidacloprid, da ke aiki kimanin wata guda. A nan ne masu karnuka masu gashi suka fi yin asara, suna matse shi a kan gashi. Dole a buɗe gashin da yatsu har a ga fata, a ɗiga a kanta, tsakanin kafaɗu inda harshe ba ya kai, kuma ba wanka kwana biyu kafin da kwana biyu bayan. Akwai kuma na haɗiya, irin su NexGard na wata ɗaya da Bravecto na mako 12, waɗanda ta jini suke bi, kaurin gashi bai dame su ba. A ganina, ga mai irin wannan kare, su ne suka fi. Suna da tsada, ba shakka, amma wanda ya iya sayen karen Turai ya ciyar da shi, bai da bakin kukan kuɗin maganinsa. Da nauyin kare ake auna su, ba a ba kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, kare mai farfaɗiya kuma sai an gaya wa likita. A kiyaye abu biyu. Maganin kare mai permethrin yana kashe kyanwa. Fipronil kuma ba na kaji ba ne. A 2017 sai da aka janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai saboda an fesa shi a gidajen kaji a Holan da Beljiyam. Mai shakka ya tambayi ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukumarsa, ko ya je asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar da ba ta da nisa daga Boɗinga ko Shagari.

Wani zai ce ya sayi mai tsadar, bayan kwana goma ya ga ƙuma, ashe jabu ne. Jabu akwai shi, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Amma sau da yawa maganin lafiyarsa lau. Waɗanda aka gani sababbi ne da suka fito daga kwanso, sun hau, za su mutu kafin su yi ƙwai. Sai an jure wata uku a jere, ana magani ana shara, kafin ajiyar da ke ƙasa ta ƙare. Wani kuma zai ce ya huta, a kori karen kawai. Wannan ya fi kowanne muni a makonnin farko, domin masu fitowa ba su da wanda za su hau sai mutanen gida. Karen da aka yi wa magani mai kyau, shi ne tarkon da ke kwashe su. Ganyen dogon yaro da toka da kakanninmu ke zubawa a akurki ban raina su ba, suna rage damuwa, toka ma tana busar da wuri, amma su kaɗai ba sa gama da gidan da ƙuma ta riga ta kama.

Saura abu ɗaya da ba mai iya yinsa shi kaɗai. A Mandera da makamantanta kare ba ya da katanga. Ya kwana a gidan wane, ya wuni a inuwar rumbun wane, kyanwa kuma ta ƙetare gida biyar a dare ɗaya. Wanda ya gyara nasa, maƙwabcinsa bai gyara ba, zai sake daga farko. Don haka kirana ga masu unguwanni da sarakunan baka da ardo-ardo shi ne, su tsayar da mako ɗaya kafin ruwan farko, kowane gida ya share makwancin kare, ya kwashe turke da akurki, a yi wa karnuka da kyanwowin unguwa magani lokaci guda. Ma'aikatan dabbobi na Shagari da Boɗinga kuma, duk ranar da suka fito rigakafin haukan kare, su haɗa da wannan bayani, tunda masu karnukan sun riga sun taru. Ku kuma iyaye mata da tsintsiya ke hannunku, kwalbar fiya-fiyar nan a fitar da ita daga ɗakin da yara ke kwana tun yau.